Maigida Ɗaya a Rijiyar Modu

Takieta, 9 ga Mayu, 2005

Zuwa ga Baba, unguwar Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Iya da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Yaya zafi?

Baba, ka san bana an ba makarantarmu ta koyon sana'a ordinatar shida, wato kwamfuta. Huɗu na aiki. Ɗalibaina ashirin da uku ne, sai na buɗe musu wata 'yar jarida ta bango, muna manna ta a ƙofar aji kowace Litinin. Rabinta labaran duniyar na'ura ne, rabinta dabarun aiki. A ta wannan makon mun ba da labarin wani ɗan abu da ake kira kile, bai kai ɗan yatsa ba, amma yana ɗaukar abin da disket tamanin ba za su ɗauka ba. Mun kuma faɗa musu an buɗe sabon sibar, wato shagon intanet, a can Damagaram, inda mutum zai aika wasiƙa Faransa ta isa kafin ya tashi daga kujera.

Labarai ba su yi mini wuyar samu. Dabaru nake nema, daga bakin wanda ya yi aikin tun na'ura na cika ɗaki guda. Na gaya wa yaran cewa mahaifina ya yi karatun wannan fanni a ƙasar waje tun iyayensu na wasan ƙasa. Ba su yarda ba. Wani ma ya ce ai a lokacin ba a ƙirƙiro kuran ba, wato wutar lantarki.

Don Allah ka rubuto mana ko da layi goma ne. Na san za ka ce a'a, shi ya sa na riga na gaya musu ka ce to.

Labarin Rijiyar Modu ba daɗi. An ce su Gwaggo Inno anza suke jiƙawa suna ci, maza duk sun watse ci-rani. Allah Ya kawo mana sauƙi.

A gaida Iya. Na bar ku lafiya.

'Yarka,
Lubabatu

*

Damagaram, 14 ga Mayu, 2005

Zuwa ga Malamar na'ura.

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, in ban da gwiwa, da zafi, da kuran da ke leƙo mu kamar mai gaisuwar mutuwa: ya zauna kaɗan, ya shafa fatiha, ya tafi.

Na ga takardarki. Wasiƙa ta isa Faransa kafin a tashi daga kujera, madalla. Wa muke da shi a Faransa? Hatsi fa, a minti nawa yake isa Tirmini? Ki saka wannan a labaran makon gobe.

Shekara uku na yi a bakin teku ina koyon wannan aiki. Na zo na ɗaya a ajinmu, da 'ya'yan Turawa biyu a bayana. A lokacin da kati mai huji muke yi wa na'ura magana, huji ɗaya ya kauce aikin mako ya lalace. Yau ga ni ina kiwon awaki biyu da rediyo ɗaya, awakin ma ba su jin maganata. Na hana ki wannan karatu, kika ƙi. To tunda kin yi alkawari da bakina ba tare da kin aro shi ba, ga dabaru. Ki manna su sama, inda mai man ƙosai a hannu ba zai kai ba.

Ta farko ma ke nan. Wanda ya ci ƙosai ya wanke hannu kafin ya taɓa na'ura. Na san 'yan makaranta.

Ta biyu, kuran ba ɗan'uwanku ba ne. Duk layi biyar da ka rubuta ka adana. Wanda ya jira sai ya gama, zai gama da kuka.

Ta uku, aikin da ke wuri ɗaya ba aiki ba ne, mafarki ne. A yi kwafi biyu, a ajiye su a ɗaki biyu. Kada a bar disket a aljihu a hau moto da rana. Shi kuma wannan kile naku, abin da bai kai ɗan yatsa ba akuya za ta iya haɗiye shi, ban yarda da shi ba.

Ta huɗu ita ce babba, ita ce ta ci aikina, saboda haka na san nauyinta. Duk jerin sunaye da aka ba ka, kafin ka yi komai ka jera shi bisa haruffa, ka nemi sunan da ya fito sau biyu. Mu dublon muke ce masa. Ka bar ɗaya, ka share saura. Ba tausayi. A farin shekarar tamanin da huɗu ni aka ba jerin masu karɓar hatsin agaji a wani ofis a Yamai. Na jera su, sai ga suna ɗari biyu da goma sha biyu kowanne ya haifi tagwaye. Wani ma 'yan huɗu ya haifa. Na share su tas a yini ɗaya, na kai wa shugabana ina jiran lambar yabo. Ashe rabin tagwayen surukansa ne. Kafin wata ya ƙare an mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, ni da ɓeraye, har ranar da aka sallame ni. Amma na'ura ba ta yi ƙarya ba. Suna ɗaya, mutum ɗaya. Na biyun ɓarawo ne.

Shi wanda ya ce ba a ƙirƙiro kuran ba a zamaninmu, ki gaya masa a zamaninmu yana zuwa ya kwana.

Uwarki na gaishe ki. Ta ce kin rame a hoto. Na ce mata duk ƙasar ta rame.

Wassalam.

Tahiru Mala,
tsohon ma'aikacin na'ura, wanda ba a tambaya

*

Takieta, 6 ga Yuni, 2005

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da fatan alheri.

Baba, ka zama sananne. Yaran sun haddace dabarunka kamar karatun allo. Yanzu in kuran ya ɗauke, sai ajin duka ya ɗauka da murya ɗaya: "Ba ɗan'uwanmu ba ne!" Wani ya zana ka a gefen jaridar da gemu har ciki, ko da yake na gaya masa ba ka da shi.

Ga babban labari. Wata ƙungiyar agaji za ta raba hatsi a ƙauyukan bayan Tirmini. Ma'aikatanta sun bi gida gida sun rubuta sunayen masu gidaje a takarda, suna neman masu shigar da su na'ura. Diraktanmu ya roƙa a ba ɗalibai ƙauye ɗaya su gwada hannu. Ni kuma na roƙa a ba mu Rijiyar Modu, saboda Gwaggo.

Ban samu na zauna da su ba, an sa ni shirin jarrabawa, amma sun yi aikin a yini biyu. Sun bi dabara ta huɗu sau da ƙafa. Baba, gida casa'in da huɗu aka kawo, sun gano dublon saba'in da ɗaya! Sun share su, an miƙa jerin da gida ashirin da uku. Mutumin ƙungiyar ya riƙe baki, ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Dirakta ya sa an tafa wa ajin, ya ce a miƙa maka godiya.

Wani ɗan ƙorafi kaɗan. Shofer Modu, direban da ke kawo wasiƙunka, ya ce ya gaji da yawo aji aji yana tambayar wace ce Malamar na'ura. A makarantar nan akwai mai koyar da na'urar ɗinki, akwai mai koyar da na'urar ban ruwa.

A gaida Iya. Ki ce mata, wato ka ce mata, ina cin abinci.

'Yarka,
Lubabatu

*

Damagaram, 9 ga Yuni, 2005

Zuwa ga Malamar na'ura.

Salamu alaikum. Saba'in da ɗaya cikin casa'in da huɗu! A Yamai ma ba su kai haka rashin kunya ba. Ashe satar ta sauka har ƙauye. Ni dai tun ranar ɗaurin auren Yaya Inno ban yarda da idon mijin nan nata ba, ga shi shekara arba'in ta gaskata ni.

Shekara ashirin da ɗaya ina jiran wani ya ce Tahiru ya yi daidai. Da na san daga bakin diraktan makarantar ƙauye za ta fito, da na rage jira. Duk da haka na karɓa. Na karanta wa maƙwabcina Mai Nasara takardarki sau biyu, na uku ya ce yana da alwala da zai sabunta.

Shi Modu aikinsa tuƙi ne da tambaya. Ya ci gaba.

Tahiru Mala

*

Rijiyar Modu, 16 ga Yuni, 2005

Zuwa ga ƙanena Tahiru, Mushe, kamar yadda ake kiran 'yan boko, mai karatun bakin teku.

Ni ce yayarka Inno nake magana, Wasila ɗiyar liman ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini ko kalma. Ina gaishe ka, ina gaida matarka. Mu nan da rai, shi ke nan abin da zan ce.

Tahiru, jiya mutumin hatsi ya zo da takarda ya tara mu a gindin tsamiya, ya ce zai karanta waɗanda za su samu. Ya karanta tsofaffin nan ashirin da ba su iya tafiya ko'ina ba, suna nan suka faɗi sunansu da bakinsu. Sannan ya ce, "Maigida." Mu arba'in da ɗaya muka miƙe. Ya ce a'a, guda ɗaya ne a takarda. Ya ce, "Malam." Mata ashirin da biyu suka miƙe. Ya ce shi ma ɗaya ne. Ya ce, "Marigayi." Goma sha ɗaya suka miƙe da marayunsu. Tahiru, ko mamacin ma guda ɗaya aka bar mana.

Ka san abin da ya faru. Da yaran nan masu bik suka zo rubutu, mazanmu ba su nan. Naka surukin ya kora sauran shanu kudu tun bayan Sallah. Yaro ya tsaya a ƙofata ya ce, "Iya, sunan mai gidan nan?" Ni da furfurata zan buɗe baki in kira sunansa kamar ina kiran akuya? Na ce Maigida. Ya rubuta. Tani ta ce Malam. Ya rubuta. Ba wadda ta yi ƙarya.

Yanzu a kan Maigidan nan guda ɗaya har an fara dambe. Sakina ta ce nata ne, don ita aka fara tambaya. Balki ta ce nata ya fi kama da maigida, na Sakina ko katanga bai iya gyarawa ba.

Mutumin hatsi ya ce ba laifinsa ba ne, na'ura ce ta ce mu ɓarayi ne. Ya ce wani babban masani ne a Damagaram ya koya wa na'urar wannan dabara. Tahiru, kai da ka san masu ilimi, in ka san wannan bawan Allah, ka je ka gaishe mini da shi. Ka ce masa wata tsohuwa da ke tonon gidan tururuwa tana neman ƙwayar hatsi ta ce ya zo ya nuna mata abin da ta sata. Ka ce masa ya zo da buhu, ya kwashe.

Wasila ta ce in gaya maka ta san ko wane ne. Na ce mata ni ma na sani, ni na goya shi.

Motocin hatsi ranar Alhamis ta ƙarshen wata za su zo. Jikokina biyar ne a ɗakin nan.

Allah Ya bar zumunci.

Yayarka,
Inno

*

Damagaram, 18 ga Yuni, 2005

Zuwa ga Malamar na'ura. Da gaggawa.

Ga takardar gwaggonki na haɗo miki, ki karanta, ki karanta wa masu tafi.

Na ce a share suna da ya fito sau biyu. Ban ce a share Maigida ba. Maigida suna ne? Yaro ya ga Maigida arba'in da ɗaya jere kamar raƙuman Agadas, bai tsaya ya ce anya ba? Wane irin kai kuke sawa a gaban na'urorin nan? Kuma ke ina kike?

Su ma matan, Allah Ya shirye su. Ƙasa na ƙonewa, yara na kwana da ruwan anza, mace ta tsaya tana kunyar sunan mutumin da ke can Kano yana tallan ruwa, ko jin ta ba ya yi. Wannan al'ada ita ta hana mu ci gaba. Suna don a kira shi aka raɗa shi. Na sha faɗa a Yamai, ƙasar da mutanenta ba su iya faɗin suna ba ba za ta iya ƙirga kanta ba.

To. Dabara ta uku ta ce a yi kwafi biyu. Ki ɗauko na farko, wanda ba a taɓa ba, ki kai wa mutumin ƙungiyar yau ɗin nan. In an bi maganata, abin bai lalace ba.

Ban karanta wa Mai Nasara wannan ba.

Tahiru

*

Takieta, 22 ga Yuni, 2005

Baba,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Laifina ne, ban duba ba. Na karɓa, ban kwana da daɗi ba tun da na karanta takardar Gwaggo.

Kwafi biyu an yi su, suna ɗaki biyu kamar yadda ka ce. Sai dai yaran sun yi ta huɗu kafin ta uku, saboda ka ce ita ce babba, kuma ka ce kafin a yi komai. Duka biyun gida ashirin da uku ne. Na je wajen mutumin ƙungiyar da takardun asali. Ya ce ko an mayar da su ba zai karɓi Maigida arba'in da ɗaya ba, masu ba da hatsin za su ce shi ne ɓarawon. Yana son sunan gaskiya na kowane mai gida, a cikin na'ura, kafin azahar ɗin Litinin, ashirin da bakwai ga wata. Bayan nan an rufe.

Ni an ɗaure ni da gadin jarrabawa har yammacin Asabar, yaran kuma su ake yi wa jarrabawar. Dirakta, wanda ya sa aka yi tafi, yanzu ya ce bai san da maganar ba. Ba ni da wanda zan aika, Baba. In sunayen suka iso hannuna ranar Lahadi, zan shigar da su ko da kuran ya ɗauke, na yi magana da mai injin walda.

Abu ɗaya. Takardarka ta gaggawa kwana uku ta yi a jakar Malama Jummai mai na'urar ɗinki. Modu bai zo ba, sai ya ba wani shofer, shi kuma ya miƙa wa malamar da ya fara gani. Ta ce ta buɗe ta ga ana zagin masu tafi, ta ɗauka da ita ake, ta ajiye sai ta huce. Da kwana ukun nan na hannunmu.

'Yarka,
Lubabatu

*

Rijiyar Modu, safiyar Lahadi, 26 ga Yuni, 2005

Salamu alaikum.

Ga sunaye casa'in da huɗu a cikin littafin nan. Ki shigar da su yadda suke, kada ki share ko ɗigo. Motar Takieta sai hantsi take wucewa, saboda haka bari in ba ki labari, don kada ki ji shi daga bakin gwaggonki, ita za ta ƙara gishiri.

Ranar Juma'a na sauka Tirmini, amalanken jaki ya ƙarasa da ni. Jakin ya fi ni ƙiba da kaɗan. Na sa kwat ɗina ta Yamai don a san hukuma ta zo. Yaya Inno ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, babban masani. Ina buhun?" Ta kawo mini ruwa, ta ba ni haƙuri babu abin da za a zuba a ciki. Na ga jikokin nata. Ba zan rubuta miki yadda suke ba.

Jiya da safe aka tara matan a gindin tsamiya. Na miƙe na yi jawabi mai kyau a kan ci gaba. Na ce kowace ta zo ta faɗi sunan mijinta, hukuma ce ke tambaya. Sai wata doguwa, ita ce Tani, ta ce daga baya, "Hukumar ta aure shi mana, sai ta faɗa." Na ce to a raɗa mini a kunne. Suka ce wannan ai ya fi muni, ga kiran suna ga raɗa da ƙanen mutane. Na ce a rubuta a ƙasa. Suka ce da sun iya rubutu da ni za su jira? Rana ta take, littafina fari fat, gumi ya cika kwat. Na zauna a kan turmi ina tunanin ɗakin ɓerayen Yamai, na ga ashe wuri ne mai mutunci.

Sai Yaya Inno ta tashi ta kama ƙugu ta ce, "Ke Tani, wa yake aurena?"

Tani ta ce, "Wa kuwa in ba Mamman Illa ba, mai kunnuwa kamar faifai, wanda ya sayar da saniya ya sayo rediyon da ba ya magana!"

Inno ta ce, "Rubuta, Mushe. Ka bar maganar rediyon. Ita kuma wannan mai bakin, mijinta Mamman Illa ne shi ma, wanda ya faɗa rijiya yana leƙen ko akwai ruwa."

Wuri ya kaure. Kowace ta kamo hannun maƙwabciyarta suka yi layi biyu biyu, wannan ta faɗi na waccan, waccan ta rama. Ba wadda ta faɗi suna ta tsaya nan, sai ta haɗa da tarihi. Balki ta faɗi na Sakina ta ce a rubuta a gefe cewa munsharinsa ne ya kori farar bara. Sakina ta ce na Balki kuwa a tambaye shi ina ya kai akuyar gadonsu. Matan marigayan ne kawai aka faɗi nasu a hankali, kowanne aka bi shi da addu'a. Liman ya ce rabon da ya ji dariya a garin nan tun kafin fara ta sauka.

Da na gama na jera su bisa haruffa, don hannu ya saba. Ki zauna kafin ki karanta wannan. Mamman Illa goma sha ɗaya ne a Rijiyar Modu. Sunan gaskiya, na yanka, kowanne da gidansa da bakunan da yake ciyarwa. Da tun farko matan sun bi shawarata sun faɗi sunayen, da dabarata ta huɗu ta share goma daga ciki, har da mijin yayata. Na daɗe ina kallon shafin. Sannan na tuna ɗari biyu da goma sha biyun nan na Yamai. Rabinsu surukan shugabana ne, wannan na tabbata. Ɗaya rabin ban taɓa zuwa na duba ba.

Saboda haka na ba kowane gida lamba, na rubuta laƙabin mai gidan da sunan matar a gefe. Za ki ga Mamman Illa Faifai, da Mamman Illa Rijiya, da sauransu, haka garin ya san su. Na yayyanka kwalayen shayi na yi wa kowace mace kati, na huda shi da ƙusa, huji ɗaya baki ɗaya, don wadda ba ta karatu ta ƙirga da yatsa, kada a rage mata mudu. Kati mai huji ya dawo aiki. Ki saka a labaranku, kusa da na kile.

Saura magana ɗaya. Ɗazu na naɗe littafin na rubuta a baya, Zuwa ga Malamar na'ura. Wasila ta karanta da ƙarfi. Yaya Inno ta ce, "Wace ce haka?" Na ce ta sani. Ta ce, "Ni na sani, shofer bai sani ba. Abincin gari guda za ka aika wa mai keken ɗinki? Rubuta sunanta." Na ce bik ɗin ya ƙafe. Wasila ta miƙo nata. Na ce hannuna ya gaji. Inno ta juya wajen matan ta ce, "Jama'a, ku zo ku ga ci gaba. Shekara talatin da ɗaya da haihuwar ɗiyarsa ta fari, ko sau ɗaya bai kira sunanta ba. Sai dai ya ce ke, ko Malama, ko 'yar gidan nan. Mushe, ba don a kira shi aka raɗa shi ba?" Ban san wa ya kai mata wannan maganar ba. Ina zargin jakar Malama Jummai.

Na ce wannan daban ne. Mata saba'in suka tambaye ni ta ina. Tani ta ce, "Ku ƙyale shi, ku samo masa maƙwabciya."

Inno ta faɗa, Wasila ta rubuta. Ni ina duba igiyar takalmina.

Ga motar can. Ki adana duk layi biyar.

Mahaifinki

*

Takieta, 1 ga Yuli, 2005

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum, da gaisuwa mai tarin yawa.

Littafin ya iso hannuna kai tsaye, kafin la'asar ɗin Lahadi. Kuran ya ɗauke sau huɗu, ban rasa ko layi ba. Mutumin ƙungiyar ya tsaya a kan Mamman Illa goma sha ɗaya, na nuna masa lambobin da laƙaban, ya yi dariya har ya cire tabarau, ya sa hannu. Jiya motoci suka shiga Rijiyar Modu. Gida casa'in da huɗu, ba wanda aka tsallake. Ya ce katin nan mai huji yana so a yi wa sauran ƙauyukan, ya tambayi wane kamfani ne ya ƙera.

Gwaggo ta aiko a gaya maka an yi tuwo, yaran sun ci sun yi barci da rana. Ta ce ka bar kwat ɗinka a kan turmi, akuya ta fara da aljihu.

Yaran suna jiran gyaran dabara ta huɗu. Na bar mata fili a jaridar Litinin.

Na ajiye takardar da aka naɗe littafin da ita. Na san ba hannunka ba ne, amma dai daga wajenka ta fito.

'Yarka,
Lubabatu

*

Damagaram, 4 ga Yuli, 2005

Salamu alaikum. Alhamdu lillahi.

Ga gyaran, ki manna: Na'ura ta san suna biyu iri ɗaya, ba ta san ko mutum biyu ne ba. Kafin ka share kowa, tashi ka je ka ga ko yana da tukunya a kan wuta. Tahiru Mala ne ya faɗa, bayan ya sha rana.

Bayan ambulan ɗin nan Mai Nasara ne ya rubuta. Ya tambaye ni sunan, na tura shi wajen uwarki. Uwarki ta tura shi wajen Hajja ta gidan gaba. Ya fita da hantsi, ya dawo bayan azahar yana cewa gidanmu duka a kai mu Rijiyar Modu.

In ya ɓata wani harafi, ki yafe masa. Ni na zaɓi sunan. Sau ɗaya na faɗe shi, a kunnen liman, da safiyar ranar suna. Tun ranar yana ajiye, kwafi ɗaya ne, kuma kuran bai taɓa ɗaukewa a wurin ba.

Ki ci abinci.

Mahaifinki